Takubban Sojan Japan da Abin da Ke Ɓoye Cikin Ƙotarsu

Kowace shekara takubban sojan Japan na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu suna ta fitowa daga ɗakunan ajiya da ƙarƙashin gadaje a Amurka da Ingila da Ostareliya. Tsohon soja ya kwanta dama, jikoki suna kwashe kayan gida, sai su ci karo da wani dogon abu naɗe cikin bargo. Idan aka kai shi gwanjo, kusan kullum suna guda ake laƙaba masa: takobin samurai. Sunan yana ƙara wa kaya daraja, sai dai a mafi yawan lokuta ba shi da tushe. Tun cikin shekarun 1870 aka rushe ajin samurai, kuma yawancin takubban da hafsoshin Japan suka rataya tsakanin 1934 da 1945 ba su girmi masu rataye da su ba. Japanawa da kansu gunto suke kiran su, wato takobin soja.

Duk da haka, a cikin irin kuben nan guda, mai launin ƙasa-ƙasa da adon furen sakura, ana iya samun ƙarfen da inji ya buga a 1943, ana kuma iya samun wanda wani maƙeri ya ƙera shekara ɗari huɗu ko biyar da suka wuce. Daga waje ba a rarrabe su. Wannan kamanni kuwa da gangan aka shirya shi. Gwamnatin Japan ta lokacin ta so kowane laftana ya ji kansa magajin jaruman da, don haka ta ɗinka wa sabon ƙarfe tsohuwar riga. Aikin mai son gane takobin soja shi ne ya tuɓe rigar nan a hankali, ya ga abin da ke ciki.

Sai mun koma 1876 kafin mu fahimci yadda aka zo nan. A shekarar ce gwamnatin Sarki Meiji ta hana rataya takobi a bainar jama'a, in ban da sojoji da 'yan sanda da masu sanye da kayan fada. Maƙeran da suka gaji sana'ar kaka da kakanni suka wayi gari ba masu saye, da yawansu suka koma ƙera wuƙaƙen girki da almakashi da kayan noma. Sabuwar rundunar ƙasar ta kwaikwayi Faransa da farko, daga baya Jamus, har takobinta ma irin na Turawa ne, mai ƙarfen kare hannu da ya lanƙwaso daga gaba zuwa ƙarshen ƙota, da kube mai walƙiya. Shi masu tarawa ke kira kyu gunto, tsohon takobin soja, kuma da shi aka yi yaƙi da Sin a 1894 zuwa 1895, da Rasha a 1904 zuwa 1905.

Bayan mamaye Manchuriya a 1931 iska ta sauya. Masu zafin kishin ƙasa sun yi ƙarfi a cikin soja, duk abin da ya yi kama da na Turawa ya zama abin kunya. A 1934 aka fito da sabon takobin hafsoshi, shin gunto, wanda aka zana shi bisa siffar tachi, doguwar takobin mahayan dawaki na zamanin Kamakura, tsakanin ƙarshen ƙarni na 12 da farkon na 14. Hatta lambar da aka ba shi tana ɗauke da aƙida. Ana ce masa samfurin 94, saboda 1934 ita ce shekara ta 2594 a lissafin da ke farawa daga hawan Jimmu, sarkin farko a tatsuniyar kafuwar ƙasar, shekara 660 kafin haihuwar Annabi Isa. Da wannan lissafi samfurin 95 na 1935 ne, samfurin 98 kuma na 1938.

Sanin waɗannan samfura shi ne matakin farko, kuma shi ne mafi sauƙi. Samfurin 94 yana da zobban rataya biyu a jikin kube, ɗaya ana iya cire shi. Samfurin 98, wanda ya fi kowanne yawa a kasuwa yau, zobe ɗaya gare shi. Dukansu kubensu ƙarfe ne da aka shafa wa fenti, da katako a ciki, ƙotarsu kuma katako ce da aka lulluɓe da fatar wani kifin teku mai ƙurji-ƙurji, aka naɗe da zaren siliki, da ɗan maɓalli da ke kulle takobi a kube don kada ya zame. Sojan ruwa sun sami nasu a 1937, kai gunto, mai baƙin kube da zobba biyu da adon ruwan zinariya. Da yaƙi ya yi tsanani, tagulla ta yi wuya, sai aka fito da wani mai sauƙin ado, da kayan baƙin ƙarfe da ƙusa biyu a ƙota, wanda masu tarawa ke kira samfurin 3, na 1943. Ko tuntun da ke lilo a ƙarshen ƙota yana magana: mai ruwan ƙasa da shuɗi na ƙananan hafsoshi ne har zuwa kyaftin, mai ruwan ƙasa da ja na manjo zuwa kanar, na janar kuma an saƙa masa zaren zinariya. Amma tuntu abu ne da ake kwancewa a ɗaura wa wani takobin cikin minti guda, kuma dillalai sun san haka sarai.

Samfurin 95 shi ne wanda ba ya ɓoye komai. Na saje-saje ne da makamantansu, gwamnati ce ke ba su kamar yadda take ba da bindiga. Inji ne ya buga ruwansa, da kwari a tsawonsa, an kuma buga masa lamba da alƙaluman da muka saba da su, irin lambar da ke bakin kubensa. Ƙotarsa zubi ce, ta jan ƙarfe a 'yan farkon da aka yi, sannan ta alminiyam da aka yi wa fenti don ta yi kama da naɗin zare, a ƙarshen yaƙi kuma ta zama katako tsura. Hatiman ma'aikatun makamai irin su Kokura da Nagoya da Tokyo suna jikin zoben da ke wuyan ƙota. Masu tarawa suna son lambar ruwa ta dace da ta kube, domin hakan yana nuna tare suka fito daga ma'aikata. A ganina wannan takobi ya fi sauran faɗin gaskiyar zamaninsa: siffar jaruman Kamakura ce aka zuba a alminiyam, aka buga mata lamba kamar tukunyar bariki.

Takobin hafsa ne mai wuyar sha'ani, saboda hafsa da kuɗinsa yake sayen nasa. Doka ta ƙayyade siffar kube da ƙota, amma ruwan da ke ciki ya danganta da aljihun mutum da gidan da ya fito. Ɗan tsohon gida yana iya ɗauko takobin gado ya kai a yi masa kayan soja, wani lokaci har a manna ɗan tambarin iyali na azurfa a ƙarshen ƙota. Mai hali yana iya yin odar sabo wurin ƙwararren maƙeri. Mafi yawa kuwa, musamman dubban matasan da aka ba muƙami cikin gaggawa bayan 1937, abin da shago ke da shi suke saye. Ta haka aka sami iri uku a cikin riga guda: tsohon ruwa na gado, sabon ruwa da aka ƙera ta hanyar gargajiya wanda ake kira gendaito, da kuma wanda aka yi da ƙarfen masana'anta, showato.

Domin a gane bambancin na biyu da na uku, dole a san yadda ake ƙera na gargajiya. Ana narka yashin ƙarfe da gawayi a cikin murhun yumɓu mai suna tatara, kwana uku dare da rana, sannan a fasa murhun a ciro curin ƙarfen da ake kira tamahagane. Maƙeri ya yi ta bugunsa yana ninkewa, sau goma ko fiye, har dattin ya fita, abin da ke barin wani siririn zane a fatar ƙarfen kamar jijiyar katako. Sannan ya shafe ruwan da yumɓu, mai kauri a gadon baya, siriri a bakin kaifi, ya gasa shi, ya tsoma a ruwa. Bakin ya yi tauri, bayan ya rage da taushi, takobin ya ƙara lanƙwasa, kuma a iyakar sassan biyu wani farin zane mai kama da gajimare ya fito, shi ne hamon. Aiki ne mai cin lokaci. Har yau doka a Japan ba ta barin maƙeri mai lasisi ya wuce dogayen takubba biyu a wata. Rundunar da ke da miliyoyin mutane ba za ta jira irin wannan ba. Saboda haka a garin Seki na lardin Gifu, tsohuwar cibiyar ƙira, aka riƙa amfani da ƙarfen masana'anta da gudumar inji, ana tsoma ruwan a mai maimakon ruwa, don mai ba ya yawan tsaga ƙarfe. Hamon ɗin da mai ke bayarwa yakan fito a dushe, ba shi da ƙananan ƙyalƙyalin da ido ke gani a na ruwa idan aka karkata shi ga haske, fatar ƙarfen kuma sumul take ba jijiya.

Sai dai ruwan da ya shekara tamanin a ɗakin ajiya, ya yi tsatsa, yara sun sare itace da shi, wani ya goge shi da takardar yashi, ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu. A nan ne ake komawa ga ɓangaren da ba a gani. Takobin Japan galibi ƙusar gora guda ce ke riƙe da shi, mekugi, wadda ta ratsa ƙota ta bi ta wani rami a ƙarfe. Idan aka tura ta waje, ƙota ta zame, sai wutsiyar takobin ta bayyana, wato ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, nakago a harshensu. Ita ce takardar haihuwar takobi. A gefe ɗaya maƙeri yakan sassaƙa sunansa da kurfi, wani lokaci da garinsa. A ɗaya gefen yakan sa kwanan wata bisa shekarun mulkin sarki. Zamanin Showa ya fara a 1926, don haka ana ƙara 1925 a kan lambar: Showa 18 ita ce 1943. Akwai kuma zanen magagari, wanda kowace makarantar ƙira take da salon nata, da yawan ramukan ƙusa, waɗanda ke nuna sau nawa aka sauya wa ruwan ƙota ko aka rage masa tsawo.

Sama da duka akwai tsatsa. Ba a taɓa goge wutsiyar takobin Japan, don haka launinta yana tafiya da shekaru. Ta zamanin yaƙi takan kasance toka-toka da ɗigon jar tsatsa, bakin rubutun da zanen magagari da kaifinsu. Ta shekara ɗari uku ko fiye baƙa ce wuluk, mai laushi a ido, zanen magagari ya fara nutsewa. Babbar ɓarnar da magada ke yi ita ce su ga wannan baƙi su ɗauka datti ne, su kankare shi don rubutun ya fito. Garin neman gira an rasa ido ke nan: an share shaidar da ba ta sake dawowa, darajar takobin kuma ta faɗi warwas.

Kusa da sunan maƙeri ake samun ƙananan hatimai, kuma su ne suka fi saurin yanke hukunci. Harafin Sho a cikin furen sakura, ko harafin Seki, masu nazari suna ɗaukar su alamar cewa ba ta cikakkiyar hanyar gargajiya aka yi ruwan ba. Anga alama ce ta sojan ruwa, waɗanda suka yi amfani da ƙarfe marar tsatsa da yawa saboda gishirin teku. Tauraro kuwa labari ne mai daɗi ga mai tarawa, domin shi ake buga wa aikin maƙeran da rundunar ƙasa ta tantance, ta kuma ba su tamahagane. Rashin hatimi bai tabbatar da komai ba, don an sha samun waɗanda aka goge nasu da magagari, aka bar ɗan kwari a wurin.

Akwai wasu sunaye da ke sa mai tarawa ya gyara zama. A 1933 aka kafa maƙera a harabar wurin bautar Yasukuni a Tokyo, inda zaɓaɓɓun maƙera suka yi aiki ta tsohuwar hanya har zuwa 1945, suka ƙera takubba kimanin 8,100. Sunayen aikinsu duk da Yasu suke farawa, kamar Yasuhiro da Yasumitsu. Sojan ruwa suna da irin tasu a wurin bautar Minatogawa a Kobe, da tambarin fure a kan ruwa. Can kuma a Dalian, kamfanin jirgin ƙasa na Kudancin Manchuriya ya ƙera nasa da dabarar injiniyoyi, ana zura sandar ƙarfe mai taushi a cikin bututun ƙarfe mai tauri, don a sami takobin da ba ya karyewa a sanyin arewacin Sin. Ana kiran su Mantetsu, kuma da yawansu suna ɗauke da taken da ke kira ga haɗa zuciya don ɗaukaka Asiya, taken da mutanen ƙasar da aka mamaye ba su ji daɗinsa ba. Har a gidan yarin Okayama an ƙera takubba, ƙarƙashin shugaban gidan mai suna Emura, da hannun fursunoni.

Jabu iri biyu ne. Na farko tsoho ne kamar sana'ar kanta: ruwa na ainihi da aka sassaƙa wa sunan shahararren maƙeri na ƙarya. Sunan Kotetsu, maƙerin ƙarni na 17, ya yi ƙaurin suna wajen wannan, har masana suna fara zargin duk wanda suka gani kafin su duba. Maganinsa sai kwamitin ƙwararru a Japan, waɗanda ke duba aikin ƙarfen kafin su dubi sunan, sannan su ba da takardar shaida. Na biyu sabo ne, kuma shi ke cin kuɗin sababbin shiga: kwaikwayon da ake yi da yawa a Sin, a tsufar da shi da sinadari. Kama da wane ba ta wane. Zanen da ke jikin ruwansa yakan yi ɓaro-ɓaro don da ruwan asid aka fito da shi, akan zana haruffa ko tuta a fuskar ruwan inda na ainihi ba ya da su, naɗin ƙota yakan karkata gefe guda maimakon ya riƙa sauya hannu a kowace mahaɗa, wutsiyar kuma a karkace take kamar an yanke ta da gaggawa. Littafin Richard Fuller da Ron Gregory kan takubban sojan Japan daga 1868 zuwa 1945 ya daɗe yana zama madogarar masu tarawa a Turai da Amurka, kuma awa guda da hotunansa ta isa ta tsare mutum daga mafi yawan irin wannan.

Kasidun gwanjo sukan tsaya a nan, a kan ƙarfe da hatimi da farashi. Amma takubban nan an yi aiki da su, kuma ba a fagen fama kaɗai ba. A ƙarshen 1937, lokacin da sojan Japan ke dosar Nanjing, jaridar Tokyo Nichi Nichi ta riƙa buga labarin laftanoni biyu, Mukai Toshiaki da Noda Tsuyoshi, da ke gasar wanda zai fara kashe mutum ɗari da takobi, kamar ana ba da sakamakon wasa. Masana tarihi sun yi ta muhawara kan yadda abin ya faru a zahiri, amma kotu a Nanjing ta same su da laifi, aka kashe su a Janairun 1948. Hoton Saje Leonard Siffleet na Ostareliya, a durƙushe da ƙyalle a ido a bakin tekun Aitape na Niyu Gini ranar 24 ga Oktoban 1943, da takobi a ɗage bisa wuyansa, yana cikin hotunan yaƙin da aka fi sani. Fille kan fursuna ya zama ruwan dare a yankunan da Japan ta mamaye, kuma takobin hafsa ne kayan aikin. Ba wanda zai iya duban wani takobi guda ya ce ya sha jini ko bai sha ba, amma wanda ke tara su ya kamata ya san cikin wane aiki aka rataya su.

Kakanninmu ma sun gamu da masu riƙe da su. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'yan Najeriya da Gana ta yau da Saliyo da Gambiya, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Da yawan 'yan Najeriyar daga Arewa suke, Hausa kuma ita ce harshen bariki. Bataliyoyi uku na Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin Japan a 1944, har suka tsare sansanin da ake kira White City. A kan wani tudu kusa da wurin ne, a watan Maris na shekarar, wani hafsan Japan ya sare hannun hagun Laftana George Cairns da takobi. Cairns ya kashe shi, ya ɗauki takobin ya ci gaba da faɗa da shi har ya faɗi, kuma an ba shi lambar Victoria Cross bayan rasuwarsa. Sunayen barikin Chindit a Zariya, da Dalet a Kaduna, da Arakan da Myohaung a Legas, da sansanin Burma a Akara, duk daga wannan yaƙi suka samo asali.

Yadda takubban suka bar hannun masu su shi ma siyasa ce. Janar MacArthur ya ga bikin miƙa takobi tsohon yayi ne da ba sai an tilasta shi ba. Lord Mountbatten da Janar Slim, waɗanda suka yi yaƙi a Kudu maso Gabashin Asiya, suka ƙi bin wannan ra'ayi. Sun fahimci cewa hafsan da ya koma gida da takobinsa zai iya cewa ba a ci shi da yaƙi ba, don haka suka sa kowane hafsa ya miƙa nasa a gaban sojojinsa. Fil Mashal Terauchi, wanda rashin lafiya ta hana shi halartar bikin miƙa wuya na Singafo ranar 12 ga Satumban 1945, sai da ya miƙa nasa ga Mountbatten a Saigon ranar 30 ga Nuwamba. Takobin Janar Kimura ya ƙare a gidan Slim, na Janar Yamashita kuma yana gidan tarihin makarantar soja ta West Point a Amurka.

A cikin Japan kanta, sojan mamaya sun ba da umarnin a tattara dukan makamai, kuma 'yan sanda ba su tsaya bambance takobin ma'aikata da na gado ba. An narkar da wasu, an zuba wasu a teku, an raba wa sojojin Amurka wasu su tafi da su gida tsaraba. A cikin wannan ruɗani ne Honjo Masamune, takobin gadon gidan Tokugawa, wanda aka kai ofishin 'yan sanda na Mejiro a Disamban 1945, ya ɓace har yau. Masana irin su Honma Junji da Sato Kanzan suka yi ta roƙon hukumomin mamaya har aka yarda a ware takubban da ke da darajar fasaha. Daga tarin da aka jibge a ma'ajiyar Akabane a Tokyo an ceto fiye da dubu biyar, kuma sai a 1999 aka rarraba fiye da dubu uku daga cikin waɗanda ba a gano masu su ba ga gidajen tarihi na ƙasar. A 1948 aka kafa ƙungiyar kare takubban fasaha da ake taƙaita sunanta NBTHK, wadda takardun shaidarta suka fi kowanne nauyi a kasuwa yau. Ƙira kanta ba ta dawo bisa doka ba sai a 1953.

Wannan rarrabewa ta bar wani sakamako mai ban mamaki. Dokar Japan tana ba da izinin mallakar takobi ne a matsayin aikin fasaha, bayan an yi masa rajista a hukumar ilimi ta lardi, kuma sharaɗin shi ne a ce ta hanyar gargajiya aka ƙera shi. Takobin inji na saje, da mafi yawan masu hatimin Seki da Showa, makami ne kawai a idon doka, galibi ba a yi musu rajista. Saboda haka takubban da aka ƙera musamman domin yaƙin Japan su ne ƙasar ba ta karɓa, shi ya sa kasuwarsu da masanansu suke a ƙasashen waje. Da yawansu har yanzu suna ɗauke da ɗan katako ko ƙyalle da aka ɗaura a kube ranar miƙa wuya, inda mai shi ya rubuta sunansa da muƙaminsa da adireshin gidansu da tawada, da fatan wata rana za a mayar masa. Wasu iyalan tsofaffin sojoji sun bi irin wannan adireshi sun sami 'ya'ya ko jikoki, amma ko takobin zai shiga ƙasar ya danganta da abin da jami'an rajista suka gani bayan sun tura ƙusar gora sun zare ƙota.